Akuyar Inna

Autanmu ba ya iya riƙe magana. Tun yana yaro haka yake, in ka gaya masa sirri da safe, kafin azahar ya kai bakin titi. Shi ya sa tun kafin Inna ta hau motar zuwa wurina na san abin da ke tafe da ita.

"Yaya, kar ki ce ni na faɗa miki," in ji shi a waya. "Maganar ƙari za ta yi miki. Abin da kike turowa ba ya kai mu ƙarshen wata yanzu. So take ki ninka."

"In ninka?"

"To mene ne a ciki? Ku da kuɗinku guda ɗaya in an canja shi a nan sai ya cika hannu."

Na kashe wayar, don in na buɗe baki zagi ne zai fito. Na daɗe a ƙasar nan. Ina aiki a ɗakin wanki da guga na wani otal, can ƙasan bene inda babu taga, daga ni sai zannuwan gado da tururi. Maigidana direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya, shi ma da nasa iyayen a wuyansa. Abin da nake turawa gida duk wata shi ne iyakar ƙarfina. Ban taɓa ce wa Inna a'a ba, ban kuma san ta inda ake farawa ba. Tsoro na ji, tsoron ranar da za ta buɗe baki ta roƙe ni in kasa.

Ta iso da jaka ɗaya da ƙullin kuɗi a bakin zane. Ƙullin ya yi kauri har yana rinjayar zanen. Ta ce jar akuyarta ta sayar, don ta yi wa jikoki tsaraba in za ta koma. Tun ina gida akuyar take yi mata haihuwa, ban zaci za ta iya rabuwa da ita ba.

Washegari na kai ta kanti, kuma a nan na yi kuskure. Ta ɗauki kwalin ƙwai ta ce, "Nawa wannan?"

Na faɗa mata. Sai leɓenta ya fara motsi. Ashe Auta ya koya mata yadda ake juya kuɗin nan zuwa kuɗin gida, ita kuma ta ƙara nata, tana juya kuɗin gidan zuwa dabbobi.

"Kaza biyu," ta ce. "Ƙwai shida a kuɗin kaza biyu masu rai. Mayar musu da abinsu."

"Inna, ƙwai ne fa kawai."

"Na ga ƙwai ne. Mayar."

Haka muka zaga kantin. Tumatir ƙwaya huɗu zakara ne. Naman da na ɗauka don in yi mata girkin baƙunta rabin tunkiya ne. Abu ɗaya kaɗai ta samu wanda ya fi araha a nan, man girki, ta kuwa yi ta murna kamar ta kama ɓarawo. Ta sa na sayi kwalba biyu alhali ɗaya nake buƙata.

Daga ranar Inna ta shiga yaƙi da ɗakina. Ta raba sabulu biyu da wuƙa. In na kunna fitila na juya baya sai ta kashe. Ta daina zuba madara a shayi, burodi kuma yanka ɗaya take ci ta ce ta ƙoshi. Cikin ɗan lokaci wuyanta ya fara zurmawa. Abin ya ba ni dariya da farko, daga baya ya koma ba ni haushi.

"Inna, don Allah ki ci abinci. Ki daina juya komai zuwa kuɗin gida. A nan ake samunsa, a nan ake kashe shi."

"Ji nake kamar kuɗi nake taunawa," ta ce. Ta ture farantin, ta dube ni. "To albashin naki fa, shi ma kar in juya? Auta ya lissafa mana. Ya ce kin fi likitan garinmu samu."

"A gida na fi shi. A nan mai guga ce ni."

"Nawa kike biyan hayar nan?"

Na faɗa. Leɓen ya sake motsi. Ta bi ɗakin da kallo: gado, kujera ɗaya, murhu a lungu, labulen da na aro wurin maƙwabciyata don zuwanta.

"Da wannan kuɗin gida guda za ki kama a wurinmu, da tsakar gida da famfo da bishiya." Ta girgiza kai. "'Yar nan, cutarki ake yi. Tun kina ƙarama ba ki iya ciniki ba."

A nan ta tsaya. A lissafinta ni mai kuɗi ce da ba ta san taya kaya ba. Maganar ƙarin kuwa ba ta fito ba tukuna. Ina ganinta tana ɗauko ta, ta gyara zama, ta yi gyaran murya, sai kuma ta tambaye ni ko an ji daga maigidana.

Akwai abin da Inna ba ta sani ba. Kullum da safe nakan yi mata sallama in ce bari in je kar mota ta wuce ni. Ina isa tashar sai in wuce ta. Da ƙafa nake zuwa aiki, da ƙafa nake dawowa, tafiyar da ta fi awa guda, ta bayan kasuwa, ta kan gada, ta gefen wani dogon bango da ba ya ƙarewa. Katin mota na wata guda kusan daidai yake da abin da nake turawa gida. Tun shekarar da Baba ya rasu na zaɓi ɗaya na bar ɗaya. Ban taɓa ɗaukar abin a matsayin wata sadaukarwa ba. Ƙafa ce, Allah ya ba ni, ina amfani da ita.

Ran nan na fito daga wanka na tarar da Inna ta yafa mayafi ta sa takalmi.

"Yau zan bi ki in ga wurin aikin nan naki. In na koma aka tambaye ni, me zan ce?"

Na yi ta kawo dalilai, ta ƙi ji. Ba zan sa tsohuwa ta taka wannan hanya ba, don haka muka tsaya a tashar. Motar ta zo. Na hau gaba da ƙarfin gwiwa kamar wadda ta saba, na miƙa wa direba kuɗin mutum biyu a tafin hannu.

Ya dubi hannuna, ya dube ni, ya yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce.

"Baiwar Allah, yaushe rabonki da shiga mota? An daɗe da daina karɓar kuɗi a hannu. Kati ake sawa a na'urar can. Wannan ma da kika kawo tsohon farashi ne, ko mutum ɗaya bai kai ba."

Wata mata a baya ta taso ta sa mana katinta, na ba ta abin da ke jakata ina ta godiya. Muka zauna. Kunya ta rufe ni har kunnuwana suna zafi. Inna ba ta ma tambayi kaza nawa ne kuɗin motar ba. Taga take kallo, tana ganin kasuwa ta wuce, gada ta wuce, dogon bangon nan yana ta bin mu. Can sai ta sunkuyar da kai ta dubi takalmina, ta daɗe tana dubansa.

A wurin aiki shugabarmu ta ba ta kujera kusa da ƙofa. Ta wuni tana kallona ina ciyar da injin guga zannuwa, ina tsaye. Da aka tashi na ce mu nemi inda ake sayar da kati. Ta ce a'a, ta hanyar da na saba za mu koma. Muka tako a hankali, tana hutawa a gindin bango, tana hutawa a kan gada. Ba ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba, ni kuwa da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Da muka shiga ɗaki ta ɗora ruwa a wuta da kanta, ta zuba a roba, ta ce in sa ƙafata. Ta ɗauki takalmin ta juya shi. Dunduniyar ta cinye ta gefe guda, ga kwalin da nake shimfiɗawa a ciki ya leƙo.

"Tun yaushe?"

"Tun rasuwar Baba."

"Katin nan na wata, nawa ne?"

Na faɗa. Wannan karon leɓenta bai motsa ba. Ba ta buƙatar lissafi, lambar da take karɓa duk wata ce.

"Wato ƙafarki muke ci," ta ce a hankali. "Ni ina can ina aika wa maƙwabta da kwano, ana cewa uwar mai kuɗi. Matar Auta ko tashar bakin layi ba ta zuwa sai a kan babur." Ta ajiye takalmin. "Daga wannan watan kar ki sake turo ko sisi."

Na zaci in wannan rana ta zo sauƙi zan ji. Sai na ji raina ya ɓaci, ɓacin da ban san yana cikina ba.

"A'a, Inna. Wannan kam ba ki isa ba."

Ta ɗago ido. Ban taɓa yi mata magana haka ba.

"A nan kuɗin nan kujerar mota ce kawai, in zauna a kai ni aiki. A wurinki abincin gida guda ne, da maganinki, da makarantar yaran Auta. A nan ba wanda ya san ni, Inna. In na faɗi gobe wata za su ɗauka ta tsaya gaban injin. Wuri ɗaya ne a duniya da wahalata take da auki, shi ne hannunki. Ki bar mini shi." Na dubi ruwan robar. "Amma ba zan iya ƙarawa ba. Na san abin da ya kawo ki. Wallahi ba zan iya ba."

Shi ke nan, na faɗa. Abin da na yi makonni ina tsoro ya fito cikin numfashi ɗaya, ƙafata tana cikin roba.

"Auta ne ya gaya miki," ta ce.

"Shi ne."

"Bakinsa kamar kwando." Ta sa hannu cikin ruwan ta kama dunduniyata tana matsawa. "Ni ban roƙe ki komai ba. Kin ji na roƙa?"

"Ban ji ba."

"To."

A daren ta ci abinci sosai, har da ƙwai biyu.

Ana gobe za ta tafi na dawo daga aiki ban same ta ba. Maƙwabciyata ta ce Inna ta roƙe ta ta raka ta wurin masu canji, daga nan suka biya wani wuri, ita ta dawo ta bar Inna tana tafe a hankali. Ta ce abin tausayi abin dariya: Inna ta kwance ƙullin nan mai kauri ta zube a gaban mai canji, ya ƙirga, ya miƙo mata 'yan takardu da ba su rufe tafin hannu ba. Ta tsaya tana jiran saura. Da ya ce babu saura, sai ta ce masa ya ji tsoron Allah.

Inna ta shigo bakin zanenta fayau, babu ƙulli, babu ledar tsaraba. Ban tambaye ta ba.

Sai da safe a tashar manyan motoci, an ɗaura jakarta a sama, kwalaben man girkinta suna kan cinyarta, ta leƙo ta taga ta miƙo mini wani abu. Katin mota ne, sabo.

"Ga akuyata," ta ce. "Na ce a ba ni na wata, suka ce iyakarta mako biyu. Akuyar da ta yi mini haihuwa bakwai. Ki hau ta har ta ƙare."

"Inna, tsarabar yara fa?"

"Sun ci tsarabarki shekara da shekaru."

"Me za ki ce wa Auta?"

"Zan ce masa shi ma ƙafa biyu gare shi."

Motar ta ja. Na tsaya da katin a hannu har ƙurarta ta kwanta.

Ban hau ta yadda ta ce ba. 'Yar Inna ce ni, sai da na yi nawa lissafin. Na tambaya aka ce yawan shiga ake cirewa, ba kwanaki ba. Don haka da safe ina takawa kamar kullum, da yamma in ƙafa ta yi nauyi sai in hau. A haka za ta kai ni wata guda. Ranar farko na sa katin a na'ura ta yi ƙara, na samu kujera kusa da taga na zauna. Dogon bangon nan ya wuce kafin in gama gyara mayafi. Na riƙe katin da hannu biyu, ina kuka a hankali, har muka hau gada.