Kujerar da Ta Kama Wuri

Bana pinyon ya yi 'ya'ya, itacen dutsen nan namu mai ƙwallon da ake ɓarewa a ci. Itatuwan sukan yi shekaru a tsaye kamar sun manta aikinsu, sai wata kaka su zubar da ƙwallo har ƙasa ta yi duhu. Kawu Onésimo ya ce wannan ce shekarar albarka ta ƙarshe da zai gani, kuma a Idon Hankaka zai tsince ta.

Idon Hankaka ƙarshen wata hanyar daji ce a kan dutse, can sama da ƙauyenmu. Babu famfo, babu ban ɗaki, babu allon sanarwa. Akwai fili shimfiɗaɗɗe mai ɗaukar tanti biyu ko uku, da ruwa mai tsattsafowa daga gindin dutse, da da'irar duwatsu inda ake hura wuta. Itatuwan da ke kewaye da shi sun fi na ko'ina zuba. Dajin na gwamnati ne, wanda ya riga zuwa shi ke da wuri. Mutanenmu sun yi wa dokar ƙari: idan kayanka sun iso, kai ma ka iso. Wani ya kai tsohuwar tirela ya bari, wani ya kafa tanti ba kowa a ciki. Kawu kujera yake kaiwa.

Kujerar falo ce koriya, irin mai hannu a gefe da ake ja ta kwanta. Tun farkon wata ya kai ta ya dasa a tsakiyar filin, ya koma gida yana jiran ƙwallo ya nuna.

Ni da bazara na dawo daga karatu a gabas. Uwata ta ba wa Kawu aron ni a matsayin direba, don idonsa ya fara gajiya. Muka loda tanti, da tamfol, da buhuna, da shebur, da tukunyar wake, muka hau dutse da safe.

Da muka sha kwanar ƙarshe, sai ga hayaƙi. Sai ga tanti biyu. Sai ga Doña Sinforosa Lucero, gwauruwar ƙauyen da ke ƙetaren rafi, zaune daram a cikin kujerar Kawu da kofin gahawa a hannu.

Kawu bai jira na tsayar da motar ba ya buɗe ƙofa.

"Sinforosa."

"Nésimo! Ashe kana raye. Sannu da zuwa, ka sha hanya."

"A kan me kike zaune?"

Ta leƙa ƙarƙashinta. "Kujera."

"Ta wa?"

"Na tambaye ta, ba ta faɗa ba. Na iso na yi sallama, ba wanda ya amsa. Na sake yi, shiru. Na ce to, baiwar Allah ma jira take a zauna mata."

"Kowa a dutsen nan ya san kujerata. Kowa ya san abin da take nufi. Tun farkon wata na kawo ta."

"Kai kuma kana ina tun farkon wata?"

"Ina gida."

"To ka ji. Gida ka kama."

Ta dube ni. "Wannan ba ɗan Ofelia ba ne? Eliseo? Ka rame, ɗana. Can ba sa dafa abinci?"

Na gaishe ta. Kawu ya ce kada na sake gaishe ta.

Ya sa na ja motar har tsakiyar filin. Muka kafa tantinmu a ɗan abin da ya rage, igiyoyinmu suna haye nata. Ƙofarmu tana kallon ƙofarta. Idan ta yi atishawa, mu za mu ce mata sannu.

Dabarar Kawu mai sauƙi ce. Wanda ke kan kujera shi ke da wuri, don haka sai ya karɓi kujera. Ya juya bokiti ya zauna yana fuskantarta.

"Gahawa take ta sha," ya ce mini ƙasa-ƙasa. "Nan ba ban ɗaki. Za ta ɗauki shebur ta zagaya bayan dutse kamar kowa. Tana tashi, ina zama."

"Kawu, tsuntsaye suna kwashe pinyon."

"Bar su. Je ka shimfiɗa tamfol."

Na je na shimfiɗa tamfol a gindin itatuwa, na girgiza rassa, na durƙusa ina tsinta ni kaɗai. 'Ya'yan Doña Sinforosa maza biyu suna can gangare da matansu, buhunansu suna cika. Sun ɗaga mini hannu. Ba su sa baki a rigimar ba, sun san uwarsu.

Da rana ta take na dawo shan ruwa, na tarar tana motsi a kujera. Kawu ya miƙe rabi, gwiwoyinsa suna ƙara. Ta ɗaga murya.

"Cleofas! Zo ki riƙe mini."

Ƙanwarta ta fito daga tanti tana goge hannu. Doña Cleofas ta yi biyun yayarta. Doña Sinforosa ta zame ta hagu, ita ta faɗa ta dama, babu ratar da ko wuƙa za ta shiga. Kujerar ta yi wani kuka. Kawu ya runtse ido.

"A hankali, baiwar Allah! Ba buhun dankali ake saukewa ba."

"Ina wuni, Don Onésimo," in ji Doña Cleofas. "Akwai daɗin zama kuwa."

Doña Sinforosa ta saɓa shebur ta wuce ta gabansa, tana tafe kamar mai zuwa coci.

Abin da ya fi ci wa Kawu rai shi ne hannun kujerar. Da ta dawo ta karɓi wurinta, ta so ta kwantar da ita. Ta ja hannun, bai motsa ba. Ta ja da hannu biyu. Ta doke shi da ludayi. Kawu yana kallo. Shi ya gyara wannan hannun da kansa, da ƙarfen tsohuwar garma, kuma shi kaɗai ya san yadda ake yi. Ya buɗe baki ya rufe.

"Ba zan faɗa mata ba," ya ce mini. "Ta zauna a miƙe kamar 'yar makaranta."

Da yamma kowa ya dafa nasa a wuta ɗaya, don murhun ɗaya ne. Tukunyarta ta jan barkono da naman alade a wannan gefe, waken Kawu a wancan.

"Nésimo, wakenka ya kama."

"Haka nake so."

"Tun muna aji ɗaya haka kake. Ka faɗi a rafi ka ce wanka ka je."

Washegari ma haka. Duk wanda ya biyo hanyar yana neman wuri, Kawu sai ya tsayar da shi ya kafa shi shaida. Ya faɗa wa masu saran itace. Ya faɗa wa wasu baƙi biyu masu keke da ba su fahimci komai ba. "Kujerata ce. Tun farkon wata take nan." Buhunmu ko rabi bai kai ba.

Bayan la'asar ɗin rana ta biyu koriyar motar hukumar daji ta iso. Jami'ar da ta fito mace ce matsakaiciya, sunanta Quintana, da alamar ta gaji. Ta gaishe da kowa. Ta duba murhu, ta tambaya ko muna da ruwa da shebur kusa da wuta. Sannan ta tsaya a gaban kujerar.

"Wannan ta wa ce?"

Kawu ya miƙe daga kan bokiti ya gyara hula. Ranar da yake jira ta zo. Ya ja numfashi.

"Ina tambaya ne," in ji jami'ar, "don na daɗe ina ganinta nan. Mako biyu doka ta ba kowa. Kuma idan kayan mutum suna wuri, a wurinmu mutumin yana wurin. Mai kujerar nan ya cinye kwanakinsa tun kafin ya iso. Yau zai kwashe ya koma nesa."

Kawu ya saki numfashin a hankali.

"Baba, za ka yi magana ne?"

"Ni? A'a. Hulata na gyara."

"Ka san mai ita?"

Ya dubi kujerar kamar yau ya fara ganin irinta. "Ban taɓa ganinta ba, 'yata. Jiya muka zo."

Jami'ar ta juya ga Doña Sinforosa. "Mama, ke ce a kai."

"Tsinta na yi, 'yar nan. Shekaranjiya na zo na same ta. Na ɗauka ta wani ce." Ta kurɓi gahawa. "Ashe ba ta kowa ba ce."

Jami'ar ta dube ni ma. Na ce ni direba ne.

Lissafin a bayyane yake. Idan Kawu ya yi shiru, ya rasa kujera amma yana nan, a matse, da igiyoyinsa a kan na Doña Sinforosa, da itatuwan a gabansa. Idan ya yi magana, mun sauka daga dutsen. Doña Sinforosa ma ta yi wannan lissafin, na ga lokacin da ta gama shi.

"To shara ce," in ji jami'ar. "Ku taimaka mini a ɗora ta a mota."

Doña Sinforosa ta miƙe da kanta, ba ta kira Cleofas ba. Kwana biyu Kawu yana jiran ganin kujerar ba kowa a kai. Ga ta. Ya kama gefe ɗaya, na kama ɗaya.

"Gara a kwashe ta," in ji Doña Sinforosa tana biye da mu. "Warin bunsuru take. Cleofas, ba ki ji ba?"

"Na ji. Na ɗauka daga daji ne."

Kawu ya ƙara sauri. Doña Sinforosa ma ta ƙara.

"Dubi launinta. Wane mutum mai ido zai shiga kanti ya ce a ba shi wannan? Kamar kashin agwagwa."

Wuyan Kawu ya yi ja. Muka ci gaba.

"Ga rami a tsakiya. Mai ita bai taɓa aiki ba a rayuwarsa. Zama kawai, shekara da shekaru. Allah ya ji ƙan matarsa, in ya samu wadda ta yarda."

"Ɗaga naka gefen," Kawu ya ce da ni.

Muka aza ta a bayan motar. Jami'ar ta ɗauko igiya. Da Doña Sinforosa ta bar shi a nan, da ya tsira. Ta matso ta taɓa hannun kujerar da yatsa ɗaya.

"Wannan kuma wani ya ce shi maƙeri ne. Ya liƙa ƙarfe ya kira shi gyara. Ko motsi ba ya yi. Jikana da ke rarrafe zai fi shi."

"Yana yi," in ji Kawu.

"Ba ya yi. Kwana biyu ina ja."

"Don ba ja ake yi ba! Dannawa ake ciki, a murɗa, sannan a ja!"

Ya ture ni, ya kama hannun, ya danna, ya murɗa, ya ja. Kujerar ta buɗe ta kwanta shar, ba ko ƙara, matakin ƙafa ya fito ya tsaya cak. Gaskiya aikin ya yi kyau.

Jami'ar ta ajiye igiya. Wani tsuntsu ya wuce da ƙwallo a baki.

"Baba," in ji jami'ar, "ka ce ba ka taɓa ganinta ba."

Kawu ya dubi itatuwan. Ya dubi kujerar a kwance a bayan motar gwamnati. Ya cire hula ya mayar.

"Tawa ce. Kuma ki zagaya gundumar nan kaf, in kin sami mai kwanciya irin haka, ki zo ki faɗa mini."

Jami'ar ba ta ci shi tara ba. Ta ce ya girmi ubanta, gargaɗi ya isa. Amma ta tsaya har muka kwance tanti, muka sauke kujerar daga motarta muka mayar tamu. Doña Cleofas ta taya ni naɗe tamfol. Doña Sinforosa ta tsaya a tsakiyar filin tana auna inda za ta mayar da tantinta.

"Nésimo," ta ce da muka tayar da mota. "Dannawa, murɗawa, sannan ja. Na riƙe. Na gode."

Wurin da muka samu yana can ƙasa, kusa da kwamin shayar da shanu. Ƙasar a karkace take, sai da muka sa dutse a ƙarƙashin ƙafar kujera. Itatuwan tsirara ne, kuma kurege ya riga mu. Shanu suna zuwa safe da yamma su tsaya suna kallonmu. Na tsinci abin da na samu. Kawu ma ya durƙusa ya tsinta har gwiwa ta hana shi, sannan ya koma kujerarsa ya kwantar da ita yana fuskantar dutse.

Ranar da za mu tashi, motar su Doña Sinforosa ta sauko, bayanta ya lotsa da buhuna. Ta danna mana oda. Kawu bai juya ba sai da ƙurarsu ta lafa.

"Shekarar albarka ta gaba," ya ce, "ba kujera zan kai ba."

"Ka ce wannan ce ta ƙarshe da za ka gani."

"Na fasa. Ba zan mutu in bar wa matar nan dutse ba." Ya ɓare ƙwallo ɗaya da haƙori ya tofar da ɓawon. "Abin da ake buƙata shi ne mutum. Mai amsa sallama. Ya zauna mako biyun farko, ranar da nasa ya ƙare ni kuma in iso da nawa sabo."

Ya daɗe yana kallona. Na tashi na fara loda kaya.