Ƙafar da Aka Yi wa Maganin Baya

Babban yatsan ƙafar Auta na hagu ne ya yi baƙi, shi ya sa aka kai ga asibiti. Ba don haka ba, da har yau Yaya na nan yana yi masa maganin ciwon baya.

Auta sunan gida ne da ya bi shi har ya yi furfura. Shi da yayansa aikin shimfiɗa tayil suke yi tun suna samari, aikin da ba a tsufa a cikinsa da lafiyayyen ƙugu. A durƙushe ake wuni, a zuba siminti, a baje, a ɗora tayil, a bubbuga da gudumar roba, a ja gwiwa gaba. In an tashi miƙewa sai ka ji ƙarti suna nishi kamar masu naƙuda, Yaya kuwa shi ne shugaban masu nishin. Shekarun baya wani ciwo ya taɓa kwantar da shi, irin mai tasowa daga ƙugu ya bi bayan cinya ya gangara har diddige. Ya sha jinya ya tashi, tun daga ranar ya zama likitan duk wani mai sa gwiwa a ƙasa. Ko kanka ka ce yana ciwo, Yaya zai ce maka daga baya ne.

Saboda haka da Auta ya fara cewa sharaɓarsa na ɗaurewa in ya hau bene da kwalin tayil a kafaɗa, ba a tsaya wani dogon bincike ba. Yaya ya ce ciwonsa ne sak, ai ma gadon gida ne. Ya ba shi faffaɗan bel ɗinsa na ɗaurin ƙugu, ya koya masa reto a jikin ƙarfen ƙofa, ya ce in zai kwanta ya riƙa ɗora ƙafar a kan matashi. Da ƙafar ta fara sanyi, aka ce ai mai wuni a kan jiƙaƙƙen siminti dole ƙafarsa ta yi sanyi. Da ta fara sagewa, aka ce durƙuso ne. Da gyambo ya fito a yatsa, aka ce siminti ne ya ci, wane ne siminti bai taɓa ci ba? Duk alamar da ta zo sai ta tarar aikin ya riga ya tanadar mata amsa. Har ruwan zafi Yaya ya sa aka riƙa gasa ƙafar da shi, Auta ya ƙone bai ma ji ba.

A layin asibitin wata ma'aikaciyar jinya ta ce ya cire safa. Ta duba sau ɗaya, ta tsallake da su gaban mutanen da suka riga su zuwa. A nan Auta ya gane maganar ta wuce ta yatsa, ta ƙafa ce gaba ɗaya, ko a bar masa ita ko a raba su. Ya jira tsoro ya zo masa, bai zo ba. Abin da ya samu kansa yana yi shi ne kallon tayil ɗin daɓen ɗakin, yana lura da inda layi ya karkace wajen ƙofa. Wanda ya yi aikin bai ja igiya ba.

Likitar mace ce, ba ta kai su shekaru ba, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta tambayi Auta ina ne ke masa ciwo. Kafin ya buɗe baki Yaya ya karɓe.

"Baya ne, Likita. Jijiya ce ta danne. Ni ma na yi shi, na san shi kamar yunwar cikina."

"To, Baba, bari mu fara da naka," in ji ta, ba tare da ta ɗaga kai ba. "Lokacin da kake fama, in ka yi tari ko atishawa me kake ji?"

Yaya ya gyara zama. An taɓo masa inda yake so.

"Kamar an jona mini wayar lantarki daga ƙugu har ɗan yatsa."

"Zama fa?"

"Zama ai shi ne azabar. In na shiga mota sai dai in zauna a gefe ɗaya. Sunkuyo kuwa, ko takalmi sai an sa mini."

Ta juya ga Auta. "Malam, kai fa? Tari na taɓa maka ƙafar?"

"A'a."

"Zama? Sunkuyo?"

"Ni in ina durƙushe a kan aiki lafiyata lau. Sai in wuni ban tuna da ita ba."

"To yaushe take tuna maka?"

Auta ya dubi ƙafar. Ba wanda ya taɓa yi masa tambayar a haka. "In na yi tafiya," ya ce. "Daga bakin titi zuwa gida. Ko hawan bene. Sai nan ya ɗaure kamar an matse da filaya." Ya nuna sharaɓarsa.

"In ya ɗaure sai ka nemi wurin zama? Ko sai ka sunkuya ka dafa wani abu kafin ya saki?"

"Tsayawa kawai nake yi. In na ɗan tsaya sai ya saki, in ci gaba, ya sake kamawa."

"Kullum a kusan wuri ɗaya?"

"Da can sai na kai shagon mai faci. Yanzu ko rabin hanyar ba na kaiwa."

Ta ce akwai masu ciwon baya da tafiya ke tayar musu da ciwon ƙafa, amma su tsayuwa ba ta yi musu magani, sai sun zauna ko sun duƙa sun dafa wani abu. Ta kwantar da shi a gadon gwaji, ta lanƙwasa gwiwar ta jujjuya cinyar ciki da waje, tana tambaya ko yana jin ciwo a matsematsi. Babu. Ta ce to ba gaɓar ƙugu ba ce. Ta miƙar da ƙafar ta ɗaga ta sama a hankali. Yaya ya runtse ido tun kafin a kai rabi, don ya tuna yadda ya yi ihu ranar da aka yi masa haka. Auta bai ji wata wayar lantarki ba. Tafin ƙafar ne dai ya koɗe ya yi fari fat, da ta sauke ta ta bar ta tana lilo a bakin gado kuma, sai ta rine a hankali ta yi ja mai duhu.

"In ka kwanta ka ɗora ta a kan matashi fa?"

Auta ya saci kallon yayansa. "Ƙaruwa yake yi. Sai na sauko da ita ƙasa nake samun barci."

"Ba ka taɓa gaya mini ba," in ji Yaya.

"Ka ce sai an daure."

Likitar ta tambaye shi ko yana shan sigari. Mutum ne mai 'ya'ya har da surukai, amma har yau bayan gini yake zagayawa in zai sha, kada Yaya ya gani. Ya ce yana ɗan taɓawa. Yaya ya ce tun suna samari yake jin warin a rigarsa, kawai bai ga amfanin magana ba ne.

Sai ta ɗauko wata 'yar na'ura mai kan alƙalami, ta shafa mai a bayan ƙafar dama ta ɗora. Ɗakin ya cika da wani sauti, fuu, fuu, fuu, a jere. Ta ce jini ne ke wucewa. Ta koma ƙafar hagu. Ta ɗora a bayan ƙafa, ta matsa gefe, ta koma bayan idon sawu, ta daɗe tana nema. Ba abin da ke fita sai shuuu irin na rediyon da ba ta kama tasha ba. Su ukun suka yi ta sauraro, har ta kashe.

"Baba, naka ciwon daga baya ya taso, gaskiyarka," in ji ta. "Nasa bayansa ba ruwansa. Hanyar jini ce ta toshe. In yana durƙushe naman ƙafar ba ya neman jini da yawa, shi ya sa ba ya ji. In ya yi tafiya sai ya nema ya rasa."

Ta ce yatsan dai ya riga ya tafi, ba abin da zai dawo da shi. Ƙafar kuma sai an ɗauki hoton hanyoyin jinin yau ɗin nan, a ga ko akwai inda za a buɗe ko a kewaye. Za su yi iya ƙoƙarinsu, amma ba za ta yi masa alkawarin da ba ta da tabbas a kai ba. Matashi da ruwan zafi kuwa a daina daga yau.

Yaya ya cire hularsa ya riƙe. "Da mun zo tun lokacin da ya fara cewa tana ɗaurewa fa, Likita?"

"Yanzu dai kun zo," in ji ta, tana rubutu.

Auta ya ji duk abin da aka faɗa, kalma bayan kalma, kamar ana ba da labarin wani maƙwabci da ba su saba sosai ba. Ya san ya kamata ya ji haushin Yaya, ko ya ji tausayin kansa, ko ya tuna matarsa da ke gida tana jiran waya. Ya laluba bai samu komai ba. Tambaya ɗaya ce ta zo masa, ita ma ta aiki ce.

"In abin bai yiwu ba, daga ina ake yankewa?"

"Ba mu kai nan ba tukuna, Malam."

"Na sani. In an kai."

Ta ajiye biro. "In an kai, muna ƙoƙari ya zama ƙasan gwiwa."

"To a bar mini gwiwar," in ji Auta. "Da ita nake aiki."

Yaya ya juya fuskarsa wajen bango.

Ɗakin hoton yana can ƙarshen wata doguwar baranda, kekunan marasa lafiya kuma duk an fita da su. Aka ce su jira a kawo, Auta ya ce a bari, zai taka. Suka kama hanya, shi da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, Yaya a gefensa riƙe da takardar da likitar ta rubuta. Ba su yi nisa ba sharaɓar ta ɗaure. Auta ya tsaya ya dafa bango, kamar yadda ya saba tsayawa a titi yana yi kamar waya yake dubawa.

A irin wannan tsayuwar Yaya ba ya rasa abin faɗa: taka mana, jijiya ce, in ka biye mata kwantar da kai za ta yi. Yau ma ya buɗe baki, sai ya rufe. Ya tura takardar a aljihu, ya zo gaban ƙaninsa ya juya masa baya, ya dafa gwiwoyinsa ya durƙusa a hankali, irin durƙuson mutumin da ya san abin da tashi zai ja masa.

"Hau."

"Yaya, bayanka."

"Hau na ce."

Mutane na wucewa suna kallon dattijo zai goyi dattijo. Auta ya hau. Ya ji lokacin da Yaya ya yunƙura, ya ji numfashinsa ya tsaya cak a ƙirji, ya jira nishin da aka san shi da shi. Yaya bai yi nishi ba. Ya miƙe, ya gyara shi da kafaɗa, ya fara takawa yana jan ƙafar dama kaɗan-kaɗan, ga barandar da sauran tsawo.