Ƙaramin Harafi a Saman Kalkuleta

Dogo ya sake danna kalkuleta, amsar ta sake saɓa wa wadda ke bayan littafi. Tun safe ake abu ɗaya. Bayan azahar zai shiga jarrabawar lissafin da ta kayar da shi bara, kuma an riga an gaya masa, in ta sake kayar da shi, zamansa a jami'a ya ƙare.

Yana zaune a matakalar bayan laburare, inda sabis ya fi kamawa, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Umma ta kira ta ce tana ta yi masa addu'a. Ya kasa gaya mata cewa abin da ya iya jiya, yau ya gagare shi.

Da abin ya ishe shi, sai ya ɗauko wayarsa ya buɗe shafin intanet da malamai ke taimaka wa ɗalibai da lissafi. Bai taɓa shiga ba, wai kada a ce ba ya ja. Aka sa shi a layi. Yana jira yana kallon 'yan ajinsu suna wucewa zuwa zauren jarrabawa.

Can sai ga fuskar wata malama mai tabarau. Ya zazzage mata komai. Ta sa ya ɗaga takardarsa, ta bi aikin layi-layi, ta ce ba ta ga kuskure ba. Wannan ya ƙara ɗaga masa hankali.

Sai ta tambaya ko wani ya ari kalkuletar. Ya ce Auta ce, ƙanwarsa 'yar sakandare, da ya je gida jiya.

"Matso da ita kusa da kyamara," in ji malamar. "Kalkuletar nake nufi, ba goshinka ba."

A saman gilashin akwai wani ɗan mitsitsin harafi, D. Malama ta ce Auta ta mayar da ita awon kusurwa na digiri, irin na makarantarsu, alhali tambayoyinsa da wani awon daban, wato rediyan, ake yin su. Ta nuna masa inda zai danna, harafin ya koma R. Ya sake lissafin, amsar ta fito daidai da ta littafi.

"Malama, ke nan kaina lafiya yake?"

"Lafiya lau. Tashi ka tafi, kada a rufe maka ƙofa."

Ya tashi da gudu, godiyar ma a hanya ya ƙarasa ta. A bakin zaure ya tsaya ya sake duba harafin. Da ya zauna aka miƙo takarda, sai da ya ƙara leƙa shi kafin ya ɗauki biro.