Maiƙon da Ya Ƙi Tsufa

Shekara ashirin da shida Pak Patawari ya yi yana auna laka. Lakar ƙasan tekun da ke gaban birnin Makassar ce, wadda ake zura dogon bututu a ciro, a kawo masa ɗakin gwaji ya yi ta yanka ta gunduwa-gunduwa kamar mai sayar da rake. Maiƙo yake nema a ciki. Ƙananan halittun ruwa in sun mutu, kitsensu yakan gangara ƙasa laka ta binne shi. Mai laushin, ƙwayoyin da ido ba ya gani ke cinye shi tun daga sama-sama. In aka yi zurfi ba abin da ke saura sai mai taurin kai, irin wanda ruwa ya wanko daga ganyen itatuwa. Kowa ya san haka. Shi kuma ya ƙarar da gashin kansa yana tabbatar wa duniya abin da ta riga ta sani, sunansa na biyar ko na shida a jerin marubutan takardun bincike.

Sai bara na'ura ta nuna masa wani maiƙo sabo fil a zurfin mita uku, cikin lakar da ta fi shekara dubu a kwance. Sau huɗu yana maimaita gwajin. Wata goma sha ɗaya ya yi yana rubutu, saura shekara biyu ya yi ritaya, kuma wannan karon sunansa ne a gaba. Ranar Juma'a za a aika da takardar zuwa mujallar masana.

Ranar Laraba Bu Hasnia, wadda suke ofis ɗaya, ta gama duba masa ita. Ta cire tabarau, ta tambaye shi daga ina yake ɗibar lakar, tsakiya ko gefe. Ya ce gefe, don masu ƙididdige shekarun lakar sun kwashe tsakiyar.

"Pak, wannan maiƙon naka na san shi," in ji ta. "Amma a tukunyata na san shi, ba a teku ba."

Ya yi dariya, ya ce hassada ba ta yi mata kyau. Ita ba ta yi dariyar ba.

Bayan azahar ya hau babur ɗinsa ya nufi tashar jiragen ruwa ta Paotere, gwiwarsa ta hagu na yi masa tsiyar da ta saba. Ya tarar da Daeng Rewa, tsohon da suke hayar jirginsa, zaune a inuwa yana ɗinke komar kamun kifi. Sai da aka sha kofi, aka tambayi iyali, Daeng ya zolaye shi cewa tumbinsa ya riga shi shigowa, sannan Pak Patawari ya kawo maganar bututun bara.

Daeng ya tuna sarai. Bututun guda biyu ne ake haɗawa, kowanne mita uku, kuma a ranar mahaɗar ta cije ta ƙi shiga, ga igiyar ruwa tana tashi. Pak kuwa yana can ciki a kwance, teku ta juya masa ciki.

"Kai da bakinka ka ce kada man inji ya taɓa kayanka, Pak. To ban bari ya taɓa ba. Man kwakwa na shafa, wanda matata ke dafawa da hannunta. Har jikoki ake shafa wa."

Ya faɗa yana jiran yabo. Pak Patawari ya dube shi, ya dubi ruwan da ke lasar gindin jirgin. A duk jiragen nan, abin da ya cije man kwakwa ake ba shi, haka mahaifin shi Pak ɗin ma yake yi. Shi ne dai bai taɓa tunanin ya hana ba.

Ya ce wa Daeng ya kyauta.

Kafin ya tayar da babur ya daɗe zaune a kai. Daeng ba ya karanta mujallun masana, Bu Hasnia kuma ba mai kai ƙara ba ce. Takardar za ta iya tafiya ranar Juma'a, a buga, ya yi ritaya kafin wani ya ankara. Amma wata rana wani zai ɓata shekara uku yana neman wannan maiƙo a wata teku.

Ya ciro waya ya kira Bu Hasnia, ya ce ta gaya wa shugaban sashensu babu takarda. Ta tambaye shi ko lafiya.

"Lafiya lau, Bu. Ki ce su bar mini na'urar ranar Litinin. Akwai bututu tara da ban yanka ba."