Mangwaron Inna Zulai

Shekara bakwai ke nan mangwaron da ke bayan gidan Hadi a Lugbe yana tara ganye, ko fure ɗaya bai taɓa fitarwa ba.

Mahaifiyarsa, Inna Zulai, ita ta dasa shi, shekarar da ya ɗauko ta daga Bakori bayan rasuwar mahaifinsa, lokacin da wayar salula ta fara shiga hannun kowa. Ba ta so zuwa ba. Da ƙyar ta yarda, bisa sharaɗin ranar da ta sha ɗan bishiyar nan zai mayar da ita ɗakinta. Hadi ya amsa yana dariya, don dashen ko gwiwarsa bai kai ba.

Tun daga nan kullum da sassafe, kafin ya faɗa cunkoson titin filin jirgi zuwa ma'aikata, sai ya ja tiyo ya cika gindin da ruwan bohol, rani da damina. Ga takin kaji buhu-buhu. Inna ta sha gaya masa ya bar itacen ya ji ƙishirwa, shi kuwa mai digiri biyu sai ya ce ta huta kawai. Ta gaji ta ƙyale shi. Labarin Bakori ma ta daina tambaya, sai zaman bakin taga.

Rannan maƙwabciyarsu Christina, mai aikin binciken tsirrai a Sheda, ta leƙo bayan gidan. Ta dubi ganyen, ta taɓa ƙasar, ta girgiza kai.

"Oga, gata ne ya yi masa yawa. Mangwaro sai ya sha rani yake fure. Ka rufe famfo wata uku, bana za ku sha."

Maganar Inna ce dai, sai dai wannan karon ta shiga kunnensa. Wunin ranar ko fayil ɗaya bai iya karantawa ba. Ɗakin Bakori yake ta gani, ba wuta, ba asibiti kusa, ga nasa gidan babu muryar tsohuwa. Tsoro ne ya kama shi, ba wani abu ba.

Washegari ya tsaya gindin bishiyar da tiyo a hannu, ya daɗe a tsaye. Sannan ya murɗa famfon, ruwa ya zubo kamar kullum.

Inna tana bakin taga da carbinta. Ta dubi ruwan yana malala, ta dube shi.

"Na ji abin da yarinyar nan ta faɗa, Hadi," in ji ta a hankali, ta saki labule.