Gwaji, Ɗaya, Biyu

"Ka sake kwance ta? Yaya, don girman Allah, ka sake kwance ta?"

Auta ne ke wannan ihun a tsakiyar shagon wansa, jita rataye a bayansa, idanu kamar za su faɗo ƙasa. A kan tebur ga amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, wadda aka yi masa alkawari tun kafin damina, ciki a buɗe, wayoyi ja da baƙi sun zubo waje kamar hanjin akuya a gaban mahauci.

Wan nasa, Mai Rediyo, bai ko ɗago ba. Ya sunkuya, gilashi ya zamo masa zuwa karan hanci, yana ɗiga dalma a ƙafar wani taransisto. Siririn hayaƙi ya tashi ya shige masa gashin baki.

"Taransifomar ce ta yi ƙarama," ya ce.

"Ƙarama! Wadda sai da mu biyu muka cicciɓa? Yaya, wasa aka gayyace ni in yi a zauren taro, ba a ce in zo in tashi matattu ba. Asabar ɗin nan ce fa. Mai gangar ƙungiyarmu ya daina amsa gaisuwata. Da ka bar ni na sayi ta kanti, da yanzu na manta an yi."

"Ta kanti," in ji Mai Rediyo, ya taɓe baki.

Ai sun je kantin tare. Auta ya ga wata mai fitilu shuɗi da ja suna rawa a goshinta, an rubuta wani uban ƙarfi a jikin kwalinta, nan take ya kamu da so. Mai Rediyo ya ɗaga ta da hannu ɗaya kamar mai ɗaukar burodi, ya mayar, ya ja ƙanensa suka fita. Wai abin da zai tura manyan lasifikoki tun farkon wasa har ƙarshe bai gaji ba, nauyinsa ma kaɗai sai ya sa mutum nishi. Daga nan ya shiga tsince-tsince. Ya samo faifan alminiyam mai haƙarƙari don shan zafi, ya jera masa taransistoci kamar 'yan makaranta a layi. Ya samo kafasitoci manya kamar gwangwanin madara. Ya sa fanka, ya ga ba ta ishe shi ba, ya ƙara mata 'yar'uwa. Sau nawa abin yana tashi, Auta ya kaɗa jita, sauti ya fito garau, a yi murna. Washegari sai a tarar an sake farke mata ciki.

To, kowa a layin ya san ciwon da ke damun Mai Rediyo, shi kaɗai ne yake zaton asiri ne.

Matarsa ce, wadda ake kira Zabiya. Mace mai murya, jama'a, irin muryar da in ta ja baiti sai mai wanki ya tsaya da sabulu a hannu. Da can ita ce ke waƙa a ƙungiyar su Auta, mijinta na kula da na'ura. Ranar wani babban wasa, zaure ya cika maƙil, ta kai inda ake jira, ta ɗaga murya, sai amfilifayar da ya haɗa ta yi tari ta tofar da hayaƙi. Shiru. Baiwar Allah ta tsaya baki buɗe a gaban mutane, ana ganin tana waƙa ba a ji, har wasu marasa kunya suka tuntsire da dariya. Ta waiwaya tana neman idon mijinta. Shi kuwa yana durƙushe, ya rungume na'ura yana hura mata iska kamar jaririn da ya sha ruwa.

Da suka koma gida ta zauna a bakin gado tana jira. Ya yi ta kai da kawowa, ya buɗe baki ya rufe, can ya ce, "Taransisto biyu ne suka ƙone."

Da safe ta haɗa kayanta. Ba saki, ba zagi, ba wanda ya ji kansu. Ta koma gidan yayanta can bayan tashar mota, bene na sama, taga mai koren labule. Tun daga ranar ba wanda ya sake jin ta yi waƙa, ko a wajen wanke-wanke. Shi kuma, shekaru ke nan, bai je ba. Yakan sa riga mai kyau ya kama hanya, in ya kai bakin tasha sai ya sayi batir ko fiyus ya juyo. Kofinta na shayi yana nan a shagon, a kan kanta tsakanin matattun rediyoyi, yakan goge masa ƙura ya mayar.

Shi ya sa yau tun da safe ya hau rufin shagon da babbar lasifika, ya kafa ta, ya juya bakinta wajen tasha, ya zuro waya ta taga. Auta ya ga wannan aikin tun daga bakin layi, kuma shi ne ya ƙara tunzura shi.

Mai Rediyo ya ajiye ƙarfen dalma, ya duba mita, ya kai hannu baya ya danna makunni. Fankoki suka ɗauka. A jikin bango kuwa injin niƙan maƙwabci yana ta ruri, har kwalaben kan kanta na rawa, don haka ba wanda ya ji komai daga sama. Makirufo na kwance a tsakanin sukudireba da filaya, a jone, ba wanda ya tuna da shi.

"Yaya, bari in faɗa maka abin da kowa ke tsoron faɗa," in ji Auta, ya dafa tebur ya sunkuyo daidai kan makirufon. "Wannan abin ba don ni kake haɗa shi ba. Zauren da zan yi wasa, ko tari na yi na baya zai ji. Kai ba zaure kake aunawa ba. Tagar Anti kake aunawa!"

"Auta, kama bakinka."

"Ba zan kama ba! Kana so in kaɗa waƙarta ta tsallake tasha ta shiga koren labule, ta ji cewa wannan karon ba ta ƙone ba. Ƙarya na yi? Mutum da ƙafafunsa biyu, da bakinsa, ya zauna yana aiken taransifoma biko! Ka rame kamar wayar eriya. Kofinta ma goge shi kake yi kullum, na gan ka, har magana kake yi masa!"

Daidai nan injin niƙa ya mutu.

Sai suka ji muryar Auta ta dawo musu daga bangon benayen tsallake, ƙatuwa, kamar daga sama aka yi ta: magana kake yi masa, yi masa.

Mai Rediyo ya daka tsalle ya kashe makunni. Auta ya leƙa ta taga, ya janyo kai da sauri. Tela ya tsayar da keke, ya fito da almakashi a hannu. Mai niƙa na tsaye fari fat da gari, baki har kunne. Matan bene kuwa, Allah ya shirye su, har da masu janyo kujera.

"Yaya," Auta ya ce a hankali, "ai kuwa tana da ƙarfi."

Mai Rediyo ya zauna a kan benci, ya cire gilashi ya riƙe. Kunya ta rufe shi har wuya. Amma a ƙarƙashin kunyar akwai wani abu da ke motsi. Shin muryar ta kai tagar Zabiya? Iska daga nan take kaɗawa zuwa can. In motocin tasha ba su yi yawa ba, in tagar a buɗe take. Ya zuba wa ƙofa ido. Auta ya yi ta ba da haƙuri, bai ji ko ɗaya ba.

Ba a daɗe sosai ba surutun waje ya ɗauke ɗif. Aka ji takun takalmi, irin takun da Mai Rediyo zai gane ko a tsakiyar kasuwa. Ƙofa ta buɗe.

Zabiya ce, mayafi a karkace, hannunta ɗaya da sauran kumfar sabulu. Ta ɗan yi ƙiba, furfura ta leƙo a gefen kallabi. Ta dubi Auta.

"Sannu, mai shela."

"Anti, wallahi ban san a kunne..."

"Matsa."

Ya matsa har yana tuntuɓe da tsohuwar talabijin. Ta zagaya tebur tana kallon na'urar, ta shafa haƙarƙarin alminiyam da yatsa, ta kai ido kan kantar shagon ta ga kofin, ta ɗauke kai kamar ba ta gani ba. Ba ta tambayi inda makunni yake ba. Ta zura hannu baya ta hagu, inda yake sa shi tun suna amarya da ango, ta danna. Fankoki suka tashi.

Ta ɗauki makirufo. Ta gyara murya. Sannan ta ja baitin nan, wanda ya mutu a bakinta ranar, daga daidai inda ya yanke.

Wayyo, jama'a. Muryar ta ɗan dushe don rashin aiki, amma ita ce. Ta fita ta rufin shagon ta bazu a kan layin, ta haura benaye, ta wuce tasha. Ta kai inda ake ɗagawa, ta ɗaga, ta riƙe. Idon Mai Rediyo ya tafi kan mita don sabo, ya fizgo shi da ƙarfi ya mayar kan fuskarta. Ba hayaƙi, ba tari. Da ta sauke, sai da layin ya yi shiru kafin wani ya fara tafi daga nesa.

"Ba ta ƙone ba," ta ce.

"Ba za ta ƙone ba," ya ce. "Na ninka taransistocin, kuma fankar..."

"Malam," ta katse shi.

Ta tako ta tsaya a gabansa.

"Na ji abin da ƙanenka ya faɗa. Ni da duk mai kunne a garin nan mun ji, har kurman da ke facin taya sai da ya waiwaya. Amma bakin Auta ne. Ni ba Auta na aura ba." Ta miƙa masa makirufo. "Ungo. Ka yi shekaru kana gina abin da zai kai magana tagata. Ga ni na rage maka tafiya. Faɗi."

Ya karɓa da hannu biyu. Abin ya yi masa nauyi fiye da taransifoma. Maganar tana nan, ya san ta, ya sha faɗa wa kofi ita ba gargada: ki yi haƙuri, ke ya kamata in fara dubawa, ki dawo, gidan ba daɗi. Ta taso daga ciki ta zo maƙogwaro ta tsaya. Ya ji numfashinsa na fita ta rufin ɗaki kamar na bijimi. Ya san tela na saurare, mai niƙa na saurare, matan bene sun miƙo wuya. Auta na bayanta yana yi masa alama da hannu biyu, yana motsa baki, faɗi mana, faɗi.

Zabiya ta tsaya tana kallonsa, kuma wallahi idanunta sun kawo ruwa. Jira take, irin jiran da ta yi a bakin gado.

Mai Rediyo ya kai makirufo baki. Ya ƙwanƙwasa kansa da yatsa.

"Gwaji," ya ce. "Gwaji. Ɗaya, biyu."

Dariyar da ta tashi a waje sai da ta shigo ta taga. Auta ya dafe kai ya zame ya zauna a ƙasa.

Zabiya ta goge ido da bakin mayafi. Ta gyara shi a kafaɗa, ta nufi ƙofa, ta tsaya da hannu a kan mariƙi.

"Ranar da ka kai uku," ta ce, "ka san tagar."

Ta fita ta buga ƙofa, lasifika ta ɗauki ƙarar ta watsa wa gari, tattabarun kan rufin tasha suka tashi gaba ɗaya.