Roƙon Bawa Japan

'Yan ajin da ke koyon waƙa a gidan malamarsu sun shiga baiti na biyu ke nan sai aka ji ƙwanƙwasa daga bayan katanga, ƙwas, ƙwas. Malama Taibatu ta ɗaga hannu, suka yi tsit. Ta san sandar. Ba mai magana da katanga a unguwar nan sai maƙwabcinta Malam Bawa, wanda duk Talata Mafara ke kira Bawa Japan.

Ta sallami yaran, ta ja mayafi ta zagaya. Inna Marka, matarsa, tana bakin ɗaki tana fifita kunu.

"Shiga, ɗiyata. Tun safe ko ruwa ya ƙi sha, amma ga ƙarfin bugun bango."

Tun damina yake kwance. Ƙafafun sun kumbura, fuskar ta zube, idanun ne kawai suka ƙi tsufa. Taibatu ta durƙusa suka gaisa, ta tambayi jiki, ya tambayi yara da mahaifiyarta ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Wagga waƙa taku, mi take cewa?"

Ta yi masa bayani tana kallon tabarma. Alhaji Shamsuddeen, mai injinan casar shinkafa, ya gina wa makarantarsu sababbin azuzuwa, ran Asabar za a buɗe. Hedimasta Hayatu ya sa an yi wa Alhaji ƙaton hoto an kafa gaban fili, ya kuma tsara waƙa. Daga ranar, kullum safe yara za su durƙusa gaban hoton su rera ta kafin a shiga aji.

"Ke ko kin yarda?"

"Baba, cewa ya yi malamar da ba ta iya koyar da waƙa, ƙauyen Faru na neman malamai, can za a tura ta. Ga 'ya'yana ƙanana, ga mahaifiyata ba ta gani sosai. Wa zan bar wa su?"

Tsohon ya ce, "Marka, tada ni."

"To, za a tahi Japan ke nan," in ji Inna Marka, tana cusa masa matashi a baya. "Ɗiyata, gyara zama. Ni na sha zuwa, ba ko sisin jirgi."

Ai kun san inda sunan ya samo asali. Lokacin da ruwan madatsar Bakolori ya fara shiga gonaki, Malam Bawa na cikin malaman gonar da aka tura Japan koyon noman shinkafa. Ya dawo da dashe a layi da bakin labari, kuma daga Bakura har Maradun ba fadamar da bai taka ba. Mutanen can kuwa, kada ka kuskura ka taɓa su gabansa. Yana son su, yana yabon tsabtarsu da riƙon alkawarinsu har ka gaji. Amma wannan labarin Taibatu ba ta taɓa jin sa ba.

"Mai masaukina Kimura sunansa," in ji shi. "Manomi, mutumen kirki. Wata rana munka wuce tsohuwar makarantarsu, sai ya nuna mani wani wuri gefen ƙofa. Ya ce da, nan akwai ɗan ɗaki, ciki hoton sarkin sarakunansu. Kowane yaro in ya zo sai ya sunkuya mashi, in zai tahi ya sunkuya. Littafin karatu ya ce sarkin jikan rana ne. Waƙoƙinsu, masu daɗi hwa, suna cewa yaron kirki kamar furen wata itaciya tasu yake, ya zube tun yana da kyawonsa saboda sarki. Wan Kimura ya haddace su duka. Anka yi yaƙi ya tahi, bai dawo ba."

Ya tsaya ya nemi numfashi. Inna Marka ta kai masa kunu baki, ya kurɓa don kada ta katse shi.

"Da anka ci su da yaƙi, malaminsu ya shigo aji da tawada. Shi wanda ya koya masu, shi ɗin dai. Ya ce ku buɗe shafi kaza, ku shafe layi kaza. Sunka wuni suna baƙanta abin da anka doke su sai da sunka haddace. Kimura ya ce da ni, Bawa, ba tawadar ta dame ni ba. Malaminmu ne. Har ya bar makarantar bai sake duban idonmu ba."

Taibatu ta koma gida. Washegari yaran suka zo, ta koya musu waƙar ƙasa-ƙasa, nesa da katanga. Sandar ba ta yi motsi ba, kuma wannan ya fi damunta.

Ran Alhamis da la'asar Taibatu tana taya Inna Marka wanke-wanke sai ga sallama. Alhaji Shamsuddeen ne ya zo dubiya, Hedimasta na biye da shi riƙe da ledar lemo. Alhaji ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya tattara babbar rigarsa ya tsuguna gaban katifar. Dole ya tsuguna mana. Malam Bawa ne ya koya wa mahaifinsa dashe a ƙauyen Dakko, lokacin ba su da ko jaki.

Muryar tsohon ta yi ƙasa sosai ranar. Sai da Alhaji ya kai kunne.

"Shamsu, ka yi aikin kirki. Azuzuwa. Da ubanka na da rai da ya yi kuka don daɗi."

"Albarkacinku ne, Baba."

"Ina da roƙo guda."

"Haba Baba! An ba ka. Ko mene ne, an ba ka, ga Hedimasta shaida, ga Inna shaida."

Wa zai tsaya tambayar dattijon da ke kan gargara abin da yake so kafin ya amsa? Ba ɗan da aka haifa a ƙasar nan. Inna Marka, da ta san mijinta, ta juya fuska bango.

"Taibatu," in ji Malam Bawa. "Faɗa mashi waƙar tasa. Kada ki rera, faɗa kawai."

Hedimasta ya zuba mata ido. Ta ga Faru a cikin idon nan, ta ga hanyar babur da mahaifiyarta tana laluben bango. Amma ta miƙe daga bakin ƙofa ta faɗa, kalma bayan kalma.

"Kai ne ranarmu, kai ne inuwarmu. Ba don kai ba, da babu mu. Ranmu naka ne, Alhaji."

A fili, da ganga da muryoyin yara, abin yana da daɗin ji, Alhaji ma an rera masa ta waya ya yi murmushi. Amma a ɗakin nan mai warin magani, gaban mutumin da ransa ke shirin komawa ga Mai shi, kalmomin suka faɗo kamar duwatsu a kwano.

"Ni na koya musu," in ji Taibatu. "Kuma ranka ya daɗe, ba zan ƙara ba. In Faru ce, Allah na can."

"Malama, wa ya tambaye ki?" in ji Hedimasta.

"Ni," in ji tsohon. Ya kamo hannun Alhaji. "Sauke hoton, Shamsu. Su gode maka a tsaye, sau guda, kamar 'ya'yan mutane. Ita ko ɗiyar nan a bar ta inda take."

Alhaji ya daɗe yana kallon hannun da ke riƙe da nasa. Hoton nan har Gusau aka kai aka yi shi, kuma yana son sa, kada mu yi ƙarya. Ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba.

"Baba, guda ka ce. Wannan ai biyu ne."

"Tsufa ne. Lissafi ya ɓace mani."

Inna Marka ta tuntsire da dariya har da hawaye, Alhaji ya bi ta, wannan karon da gaske. Ya juya ya ce, "Hedimasta, ka ji dai. Gobe a kai hoton ofishina. Malama kuma tana nan."

Malam Bawa ya cika ran Juma'a da hantsi, Inna Marka na riƙe da kansa, kalmar shahada a bakinsa. Bayan an sauko daga masallaci aka yi masa sallah. Manoma suka zo daga Dakko, daga Bakura, daga ƙauyukan Maradun, wasu da taɓon fadama har gwiwa don daga gona labari ya same su. Sahu ya cika titi ya karya kwana. Matan unguwa suna leƙe ta zaure suna cewa, ashe haka maƙwabcinmu yake.

Ran Asabar aka buɗe azuzuwa. Yara suka tsaya a layi, suka haɗa baki suka ce, "Mun gode, Alhaji, Allah ya saka da alheri." Aka tafa, aka sha lemo, aka watse. Hedimasta bai amsa gaisuwar Taibatu ba, ita kuwa ba ta fasa gaishe shi ba.

Daga can ta wuce gidan makoki, ko kayan makaranta ba ta ajiye ba. Ta zauna kusa da Inna Marka ke nan sai ta ji tafiyar ƙananan ƙafafu a zaure. 'Yan ajinta ne suka biyo ta, ba ta sani ba. Suka jera silifas ɗinsu a bakin tabarma, suka zube gaban tsohuwar gaba ɗaya, ba wanda ya ce su yi.

"Inna, ya haƙuri? Allah ya ji ƙan Baba."

Inna Marka ta bi kawunansu da tafin hannu, ɗaya bayan ɗaya, har ta kai kan ƙaramar cikinsu, wadda ɗankwalinta ya zame. Ta gyara mata shi.